Sarkin Siminti na Bakin Gulbi

A garinmu Argungu, inda wata hanya take gangarowa daga kasuwa ta ƙare a bakin gulbi, akwai mutum-mutumin wani sarki na zamanin da. Mahaifina ne ya gina shi. Tsayinsa ya kai na mutum uku, yana tsaye a kan dakali da riga da rawani, hannunsa na dama a ɗage riƙe da mashi, fuskarsa tana kallon ruwa. A ƙarƙashinsa akwai matakala ta duwatsu da ta sauka har cikin gulbi. Nan mata suke wanki, nan kuma jiragen da suka ɗauko albasa daga fadama suke tsayawa a sauke kaya.

Ban kai shiga makaranta ba lokacin da aka yi aikin. Wani magini ne daga kudu ya fara shi, Baba yana taya shi. Da aka kai ƙugu sai mutumin ya kwanta ciwo ya koma garinsu, aka ce Baba ya ƙarasa. Babu mai rai da ya taɓa ganin sarkin, babu kuma hotonsa ko ɗaya, don haka Baba ya yi masa fuskar kakanmu, wanda masunci ne. A gidanmu kaɗai aka san wannan. Ina yarinya, in na bi ta wurin nakan gaida shi a raina.

Bayan Baba ya dawo daga aikin hajji sai ya daina bin hanyar. In zai je fadama yakan zagaya ta bayan makarantar firamare, ko da rana ta yi zafi. Wani malami ya taɓa faɗa a wurin karatu cewa duk wanda ya ƙera siffar mai rai za a ce ya busa mata rai ranar hisabi, kuma ba zai iya ba. Baba bai yi wa kowa maganar ba, amma daga ranar ya koma ginin ɗakuna da rumbuna kawai. A tsakanin nan wasu jami'ai suka zo suka kewaye dakalin da shingen ƙarfe, suka kafa allo. Allon ya ce wannan kayan tarihi ne da doka take karewa, duk wanda ya taɓa shi ko ya canza wani abu a jikinsa zai gurfana gaban kotu.

Na girma, na yi aure, na zama malamar makaranta a Birnin Kebbi, muna zaune a unguwar Nasarawa. Wata shekara aka yi damina mai ƙarfi, gulbi ya cika har ya cinye shinkafar mutane da yawa. Da ruwa ya janye sai Baba ya kira ni a waya. Inna yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Inna, ki taho ranar Asabar," ya ce. "Akwai abin da nika so ki gani da idonki."

Na iso da hantsi. Ko ruwa bai bari na sha ba, ya ɗauki tsohon cokalinsa na gini da wata igiya mai ɗaure da dutse a ƙarshe, ya ce in biyo shi. Da na ga ya miƙe hanyar gulbi sai na yi mamaki, domin rabona da in gan shi a kanta tun ina budurwa.

Ya tsaya nesa kaɗan da shingen, ya ɗaga igiyar a gaban fuskarsa, ya jira dutsen ya daina lilo. Sannan ya ce in zo in tsaya inda yake in duba. Na rufe ido ɗaya na duba. Igiyar ta sauka sak, sarkin kuwa bai bi ta ba. Daga ƙugu zuwa rawani ya karkata wajen ruwa, kaɗan ne, amma da zarar ka gani ba za ka sake daina gani ba.

"Gulbi ya ci ƙasar da ke ƙarƙashin dakali," in ji Baba. "Amma ba shi na ab babban abin ba. Dubi hammatarshi."

Daga ƙarƙashin hannun da ke riƙe da mashi wani jan ruwa ya zubo ya bushe a jikin rigar, ya yi layi har gwiwa. Na ce ko fenti ne. Baba ya girgiza kai, ya ce tsatsa ce, rodin da ke ciki ne yake ruɓewa. Ya zura hannu ta tsakanin ƙarafan shingen ya ƙwanƙwasa ƙafar sarkin da ƙotar cokali. Sautin da ya fito irin na tulun da babu ruwa a ciki ne.

Muka koma gindin wata bishiya muka zauna. A nan ya faɗa mini abin da ya riƙe a cikinsa tsawon shekarun nan. Lokacin da ya kai kafaɗa dogon rodi ya ƙare, ranar buɗewa kuma ta matso, manya suna ta aiko a gama. Sai ya ɗauki guntayen rodi biyu ya haɗa su a kafaɗar, ya ɗaure da waya, ya rufe da siminti.

"Hannun ga duk da mashin, waya ta riƙe su," ya ce. "Ni niɗ ɗaure ta da hannuna. Na san kaurinta. Shekarun da tay yi ma, ikon Allah na."

Na kalli matakalar. Mata sun kai goma sha a kai, wasu da goyo, suna bugun kaya a kan duwatsu suna hira. Inuwar mashin tana kwance a tsakiyarsu.

Ranar Baba ya faɗa na rubuta masa takarda zuwa ga hukuma. Ya bayyana komai a takardar, har maganar wayar, ya nemi a ba shi izini ya sauke hannun, ko a turo wanda zai sauke. Ranar Litinin na kai ta ofishin da ke kula da irin waɗannan wurare. Na yi sa'a jami'in da na tarar maƙwabcinmu ne a Nasarawa, wani Kirista mutumin Filato, 'ya'yansa biyu ma sun bi ta ajina. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya ajiye.

"Malama, mahaifinki mutum ne mai gaskiya," ya ce. "Ba kowa zai rubuta wannan a kan kansa ba. Zan je in gani."

Ya cika alkawari. Cikin mako ya je Argungu, ya auna, ya ɗauki hotuna, ya zauna da Baba a ƙasa ya saurare shi. Baba ya ce masa da tsani ɗaya da mutum huɗu da igiya zai sauke hannun kafin azahar. Mutumin ya ce shi ba shi da ikon ba da izinin a taɓa ko da yatsa ɗaya. Sai an aika rahoto sama, sai masana sun zo, sai sun yanke abin da za a yi. In ya bari aka taɓa, shi da Baba duka za a kama.

"To, yaushe masanan za su zo?" Baba ya tambaya.

"Baba, wallahi ban sani ba."

Abin da ya iya shi ne ya sayi igiya da kuɗin aljihunsa, ya kewaye matakalar, ya roƙi mata su koma can ƙasa. Sun koma na kwana uku. Can ƙasa laka ce, ƙafa tana nutsewa, kaya suna ɓaci. Da na dawo mako na gaba na tarar sun koma kan duwatsu, suna shanya zannuwa a kan igiyar.

Daga nan Baba ya fara zaman gulbi. Kullum bayan ya karya kumallo sai ya ɗauki tabarma ya je ya shimfiɗa a gefen shingen, ya zauna har la'asar. Duk wadda ta matsa ƙarƙashin hannun sai ya ɗaga murya ya ce ta ja baya. Ya je ya sami sarkin ruwa, wato shugaban masunta, ya yi masa bayani, shi kuma ya sa jiragen albasa suka koma tsayawa gaba kaɗan. Mata ne suka gagara. Suna jin nauyinsa, in ya yi magana su matsa, in ya sunkuya yana alwala su dawo.

Gari ya ɗauki magana. Wasu suka ce tsufa ya taɓa masa kai. Wasu suka ce mutumin da ya je Makka ya koma gadin gunki. Jan layin nan kuwa ya ƙara faɗi, har aka fara cewa sarkin ne yake zubar da jini, wai ya yi fushi da garin. Akwai matan da suka daina zuwa saboda wannan, Baba kuma bai ƙaryata ba. Ya ce mini in tsoron jini zai kore su, to Allah ya ƙara.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina gida na zo hutu, aka aiko cewa samari sun taru a bakin gulbi da igiyoyi. Na hau kabu-kabu, wato babur na haya, na je. Sun kai ashirin, sun ce sun gaji da ganin gunki a garin Musulmi, yau za su ja shi ƙasa. Na ɗauka Baba zai ji daɗi, tun da abin da yake nema ke nan. Sai na gan shi tsaye a ƙofar shingen ya ware hannuwa.

"Wa zai hau ya ɗaura igiyar?" ya tambaye su.

Wani dogo ya ce shi ne.

"Ina za ka ɗaura ta?"

Ya nuna kafaɗa.

"In ka ɗora nauyinka nan, kai da hannun tare za ku sauko. In kuma kunka ja daga ƙasa, ba inda kuka so zai hwaɗi ba. Ni nig gina shi, na san inda nauyinshi yake. Ku tahi gida. Ba ni son in wanke gawar ɗan kowa."

Suka yi ta surutu, wani ma ya faɗa masa magana marar daɗi, amma babu wanda ya hau. Da sannu suka watse. Baba ya zauna a kan tabarma.

A hanyarmu ta komawa na ce masa ya bar zaman nan haka. Ya rubuta, ya faɗa, ya sauke nauyi. In wani abu ya faru ba laifinsa ba ne. 

"Inna, tambaya biyu ka jirana," ya ce daga baya. "Ta hwarko, don mi niy yi shi. Wannan na yi tuba, ina fatan Allah ya yahe. Ta biyu, wa yak kashe. Ita ba a rubuta ta ba tukuna. Muddin ina zaune can, ina ganin ba za a rubuta ba."

Ban sake ce masa ya bari ba.

Rani ya wuce babu masana. Maƙwabcina jami'i yakan tare ni a ƙofar gida ya ce ya sake tunatarwa, har ya kai in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai. Damina ta sake sauka. Ruwa ya hau matakala ɗaya bayan ɗaya, har saura huɗu a waje, mata suka cunkushe a kan waɗannan huɗun, daidai ƙarƙashin mashin.

Abin ya faru ne a dogon hutu, wata ranar kasuwa da hantsi. An kwana ana yayyafi, gari ya waye da lumshi. Na kawo wa Baba fura a kwano, na durƙusa ina dama masa. Sai na ji wani abu ya faɗo a kan tabarma, ƙaramin ɓarɓashin siminti kamar ƙwayar gero. Wani ya biyo. Na uku ya faɗa cikin furar. Baba ya ɗaga kai, ni ma na ɗaga. A kafaɗar sarkin wata tsaga ta buɗe, har ina ganin hasken sama ta cikinta.

Ban taɓa jin Baba ya yi irin wannan ihun ba.

"Ku hita! Ku bar kayan! Ku hita!"

Wannan karon sun ji. Wasu suka hauro da gudu, wasu suka faɗa cikin ruwa suka yi gefe. Matakala ta zama babu kowa, sai kwanoni da sabulu da zannuwa. Muka tsaya cirko-cirko muna kallo. Babu abin da ya motsa. Har wata ta fara dariya tana cewa tsoho ya tsorata su a banza.

Sai wata yarinya mai goyo, amarya ce a unguwar masunta, ta tuna ta bar zanen mijinta da rigarsa ta Juma'a. Ta ruga ta sauka. Na kira ta, ba ta juyo ba. Baba ya tashi, mutumin da sai ya dafa ƙasa yake miƙewa, ya bi ta da sauri, ya kama hannunta ya fizgo ta sama. Ta yi tuntuɓe ta faɗo a jikina, jaririn ya tsala kuka.

Ƙarar ba ta da yawa, wani ɗan ƙas ne kamar an karya busasshen kara. Hannun ya sauko a hankali da farko, kamar sarkin ya gaji ne zai huta, sannan ya tsinke gaba ɗaya. Ya daki matakala ya tarwatse, ruwa da duwatsu suka yi sama. Da na buɗe ido Baba yana kwance a mataki na biyu, wani ɓangare na damtsen ya danne masa cinya, ruwan gulbi yana taɓa gefen rigarsa.

Masunta ne suka ɗage simintin suka fito da shi. Bai suma ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai wanda ya rage a ƙasa. Aka ce babu. Ya ce a ƙirga. Sai da matan suka kira juna ɗaya bayan ɗaya a gabansa kafin ya yarda a sa shi a mota.

Ƙashin cinyar ya karye wuri biyu. Ya yi wata biyu a asibiti a Birnin Kebbi, daga nan na ɗauko shi zuwa gidana. Bai sake taka ƙafar ba sai da sanda biyu. Mijin amaryar nan ya riƙa zuwa duk mako da kifi, ya zauna a bakin ƙofa yana ta godiya.

Masana sun zo a ƙarshe, bayan an girbe shinkafa. Sun kwashe guntayen hannun a buhuna, sun rubuta lamba a kan kowane buhu, sun tafi da su. Wata rana maƙwabcina ya shigo gaida Baba da takarda a hannu. Ya daɗe yana juya ta kafin ya faɗi abin da ke ciki. An yanke cewa za a mayar da hannun yadda yake tun asali, kuma ana neman shawarar maginin da ya yi aikin. Batun karkacewar sarkin da gulbi ya jawo kuwa, an ce za a duba shi a wani zagayen.

Baba ya ce masa ya zauna kusa. Ya ce ni ma in matso, in ɗauko biro.

"Akwai abin da ban sa cikin waccan takarda ba," ya ce. "Na ji kunya, na ce in sun zo sauke hannu sai in hwaɗa musu. Rodin bai isa wuya ba shi ma. Yadda niy yi kahwaɗa, haka niy yi wuya. Kan ga da rawanin sun hi hannun nauyi sau biyu."

Jami'in ya riƙe baki. Na rubuta, Baba ya dangwala yatsa, mutumin ya karɓa ya ce gobe da kansa zai aika. Na yarda ya aika, domin ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Kafin damina ta gaba aka canza masa wurin aiki ya koma jiharsu. Baba kuma ya rasu a cikin azumin wannan shekarar, ciwon ƙafar bai taɓa barinsa ba. Wanda ya maye gurbin maƙwabcina ya karɓe ni da mutunci sau uku, kowane zuwa yana cewa maganar tana kan hanya.

Ba a mayar da hannun ba har yau, ba a kuma sauke kan ba. An dai yi wa shingen sabon fenti. Masunta sun gyara matakalar da kansu, sun cike ramin da hannun ya yi.

Zuwana na ƙarshe na gangara bakin gulbi da yamma kafin la'asar. Wani siririn jan layi ya fito daga ƙarƙashin gemun sarkin ya gangaro kan ƙirji. A mataki na uku na hango matar ƙanena ta sunkuya tana wanki, 'yarta ƙarama tana zaune a gefenta tana wasa da kumfa. Na kira ta daga sama na ce ta hauro yanzun nan, ta san abin da Baba ya faɗa.

"Na sani, Yaya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ɗauraya kawai tar rage, yanzu za mu taho."

Na sauka na ɗauki yarinyar na hauro da ita, na tsaya nesa da shingen ina jira. Ta ɗauraye zane na farko ta matse, ta jawo na biyu.